Tazarar haihuwa: Maigida, nauyin ba na matarka kaɗai ba ne

Tun 2011 magungunan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma a Birnin Kebbi da Argungu sau da yawa mace ba ta karɓa sai maigida ya yarda.

Akwai ƙaramar tiyatar toshe hanyar maniyyin namiji, wadda ba ta rage ƙarfin mazakuta. Sai dai ta dindindin ce, shi ya sa galibin malamai ba su halatta ta ba sai da larura. Ko da kyauta ce, masunci ko manomin shinkafa ba zai fara daga nan ba.

Abin da ke hannunsa ya fi sauƙi: ya raka matarsa Asibitin Sir Yahaya ko Babban Asibitin Argungu, su ji bayanin likita tare, ya bar ta ta huta shekara 2 kafin wani cikin.