Asirin da ba ya buƙatar rantsuwa



A ƙasar Amurka akwai jami'ar Yel, inda manya ke kai ɗiyansu. Tun 1832 wata ƙungiyar asiri ke cikinta mai suna Skull and Bones, wato ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Ɗalibai 15 kaɗai take ɗauka kowace shekara, kuma cikin wani gini da ake kira Kabari suke haɗuwa. A zaɓen 2004, Joj Bush da Jon Keri da suka nemi shugabancin ƙasar duka ƴaƴanta ne. Duk wanda ya faɗi, ƙungiya ba ta faɗi ba.

Masu silima sun samu abin sayarwa. Fim ɗin The Skulls na shekarar 2000 ya cika mana ido da rantsuwar dare, akwatin gawa da kisan kai. Sai dai ƙarfin irin waɗannan ƙungiyoyi yana bayyana ne bayan karatu, lokacin da ɗan ƙungiya ya buɗe wa ɗan'uwansa ƙofar da aka rufe wa saura.

A maƙwabciyarmu Najeriya abin ya kai ga jini. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a jami'ar Ibadan, don yaƙar ƙabilanci da girman kai. Daga baya wasu ƙungiyoyi suka ɓullo, suka ɗauki makami. Ranar 10 ga Yulin 1999 aka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Ife. Alhazanmu da ke tura yara karatu can, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: ku riƙa tambayar su wa yaro ke zama da su.

Mu nan Damagaram, fim ɗin da ya kai sunanmu duniya shi ne Zinder na A'isha Maki, a 2021. Samarin "pale" na unguwar Kara-Kara ya nuna, masu ɗaga ƙarfe da sayar da fetur na sumoga. Ba su rufe fuska ba, domin ba su da kujerar da za su raba.

Masu rabon kujera kuwa ba wanda ya ɗauke su hoto. Ba su da kabari, ba su da rantsuwa. Haruffa uku suka ishe su, waɗanda kowane ma'aikaci ya sani: PAC, wato dangi, abokai da sanayya. Ta nan aiki ke bi, ta nan kwangila ke bi, ɗan talaka kuwa ya tsufa da takardarsa a aljihu.

Tun 2010 muke da jami'armu, wadda ke ɗauke da sunan Andire Salifu. Alhakinmu ga ɗalibanta shi ne a liƙa sakamakon kowace jarrabawar shiga aikin gwamnati a bango, suna da maki, kowa ya karanta. Ranar da aka fara haka, mai hanya zai koyi bin layi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.