Daga Bakin Allo: Shiru Ba Ya Cin Intabiyu



A watan jiya wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni, jiki a sanyaye. Ya gama karatun kwamfuta a jami'ar KNUST ta Kumasi, ya yi shekara guda ta bautar ƙasa, sai wani kamfanin manhaja a Accra ya kira shi intabiyu. Aka ba shi matsala ɗaya, aka ce ya warware ta cikin minti 45. Ya sunkuyar da kai yana ta rubutu, bai ce uffan ba har lokaci ya cika. Amsarsa ba ta da laifi, amma ba a ɗauke shi ba.

Ya ce, "Malam, ina na kuskure?" Na ce, "Ɗana, rabin laifin namu ne."

A zango muna horon yaro kada ya yawaita magana gaban manya. Tarbiyya ce mai kyau, amma a wancan ɗakin mai tambaya so yake ya ji yadda kake tunani. Misali, a ce ka nemo suna ɗaya cikin rajista mai sunaye 1,000 da aka jera bisa haruffa. Mai bi ɗaya bayan ɗaya zai iya dubawa sau 1,000. Wanda ya buɗe tsakiya, ya yar da rabin da sunan ba ya ciki, ya yi ta maimaitawa, ba zai wuce sau 10 ba. To, sai ka faɗi wannan dalili da bakinka kafin ka rubuta layi ko ɗaya.

Saboda haka samarinmu da 'yan matanmu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku riƙe harshen kwamfuta ɗaya, Python ko Java, ku ƙware a kansa. Kullum ku warware matsala ɗaya a LeetCode ko HackerRank, kuna bayani da ƙarfi gaban aboki, agogo yana tafiya. Ku ajiye ƙaramin aikin da kuka yi da hannunku a GitHub, don za a tambaye ku kansa. In ba ku gane tambaya ba, ku nemi ƙarin bayani. Matambayi ba ya ɓata.

Mu kuma iyaye da malamai, mu riƙa barin yara suna faɗin hujjarsu cikin ladabi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.