Ku daina hana ƴaƴanmu mata shiga ƙungiya

Duk shekara in sakamakon BAC ya fito, huɗuba ɗaya ake yi wa yarinya a Madawa, Buza da Keita kafin ta hau motar Tawa ko Yamai: "Karatu muka aike ki, ban da shiga ƙungiya." Ɗan'uwanta namiji ba a ce masa uffan. Yana sauka tasha ƴan garinsu sun tarbe shi, sun nemo masa makwanci.

Shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma na ga abin da huɗubar nan take jawowa. Wata ɗalibata da ke zuwa ta ɗaya a ajinsu ta tafi jami'a, ta dawo gida kafin shekara. Ta rasa ɗaki, ta yi zazzaɓi babu mai kai ta asibiti, kuma an riga an gargaɗe ta kada ta raɓi kowa.

Na san tsoronku, iyaye: kada ta lalace. Amma wa mayaudari ya fi samu, wadda ke da yayye ashirin masu tambayar inda ta kwana, ko wadda ba ta da mai ranta mata dala?

A jami'ar Howard ta birnin Washinton, a 1908, ɗalibai mata baƙar fata suka kafa Alpha Kappa Alpha, a zamanin da jami'o'in Amurka da yawa ba su karɓar irinsu. A 1913 wasu 22 suka kafa Delta Sigma Theta, kuma a watan Maris na shekarar suka shiga zanga-zangar nema wa mata ƴancin zaɓe. Ƙungiyoyin suna nan har yau, kowane reshe yana adana sunayen waɗanda suka kafa shi. Kamala Harris ma ƴar Alpha Kappa Alpha ce.

Kada a ce mini al'adar Nasara ce. Su wa suka ɗauki duwatsu a ka, suka farfaɗo da faƙon Keita tun daga 1984? Mata ne, rukuni-rukuni. Asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya fara a 1991. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai, don mace ɗaya tak aka saka a kwamitin shirya Taron Ƙasa, sai da aka ƙara musu kujeru. Uwa tana zubin adashi, tana zuwa foyandi, ƴarta mai BAC ce kaɗai za a ce ta zauna ita kaɗai?

Malamai ƴan'uwana, aikin namu ne. Kafin hutu ya ƙare, kowace lise ta haɗa sabbin masu BAC da yayyensu na jami'a, a gaban iyaye. Su zaɓi shugaba, su buɗe asusu, su sayi rajista su rubuta sunayensu da shekara, don ƙannensu su tarar da ita.

Iyaye kuma, ku tambayi ƴarku wace ƙungiya ta shiga, ku karɓi lambar shugabarta.