Don Allah ku daina neman Flash Player a Linux

Kusan duk wanda ya saka Linux Mint ko Ubuntu a tsohuwar laptop ɗinsa, da zarar bidiyo ya ƙi buɗewa a Firefox sai ka ji ya ce "ai Flash ne babu". Daga nan ya bazama Google neman inda zai sauke. Ni dai a ganina ɓata data ne kawai, kuma akwai haɗari a ciki.

Flash ya mutu, malam. Kamfanin Adobe da kansa ya daina kula da shi ranar 31 ga Disamba 2020, a Janairun 2021 kuma Firefox 85 da Chrome 88 suka cire shi gaba ɗaya. Ko ka samo fayil ɗin, burauzar ba ta da inda za ta karɓe shi. To wa ke ba ka "sabon Flash" yau? Mu masu gyaran waya mun san wannan tarkon. A Android tun 2012 aka janye Flash, amma ɓarayi sun daɗe suna laƙaba sunansa a jikin APK mai satar bayanan banki da saƙon OTP.

Yawanci abin da ke hana bidiyon nan tashi kodek ne, wato abin da ke karanta nau'in bidiyo irin H.264. Saboda rigimar lasisi, sai ka zaɓa da kanka lokacin saka Linux ɗin, mutane kuwa danna Next kawai suke ba sa karantawa. Gyaran ba wuya. Buɗe Terminal, a Mint ka rubuta sudo apt install mint-meta-codecs, a Ubuntu kuma sudo apt install ubuntu-restricted-extras. Ka rufe Firefox ka sake buɗewa. In Netflix ko Spotify ne ya ƙi, shiga Settings na Firefox ka kunna wurin da aka rubuta DRM, zai sauke Widevine da kansa.

Wani zai ce to tsofaffin gem da darussan da aka yi da Flash fa? Wannan yana da gaskiya, akwai su. Ka saka Ruffle daga shagon ƙari na Firefox, kyauta ne. Ba kowane fayil yake iya buɗewa ba, amma da yawa suna tashi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu gyaran da ke goge Linux ɗin su mayar wa mutum Windows na kwafi saboda wannan 'yar matsala, su karɓi kuɗinsa, laptop mai RAM 2GB ta koma tafiyar hawainiya. In ka gwada umarnin ya ƙi, ajiye min hoton abin da Terminal ya rubuta a ƙasa.