Nuni ya kan tashi, littafinsa shi ke zama

A shekara ta 1993 aka buɗe wani babban nuni na kayan tarihi a birnin Paris, mai suna Kwaruruwan Kogin Kwara. Ƙasashe shida suka ba da aron kayansu: Nijar, Mali, Burkina Faso, Najeriya, Gine da Muritaniya. Cikin abin da Nijar ta aika har da mutum-mutumin yumɓu na maƙabartar Bura, cikin jihar Tilaberi, wadda malam Bube Gado ya tono a 1983.

Nunin ya tashi tuntuni. Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne babban littafin da aka buga dominsa, ƙarƙashin jagorancin malamin tarihi Jean Devisse. Irin wannan littafi ana haɗa shi tun kafin a buɗe ƙofa. Ana ɗaukar hoton kowane abu, a ba shi lamba, a auna tsawonsa, a rubuta da me aka yi shi, inda aka samo shi, zamaninsa da gidan da ke ajiye da shi. Masana su yi bayani, sannan a kai ma'aikatar ɗab'i.

Wannan aiki ba ado ba ne, shaida ce. Tun da duniya ta san darajar kayan Bura, ɓarayi suka faɗa wa maƙabartun da tono, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekara ta 2000. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kuwa ta ce abin da aka sace daga gidan tarihi, sai an nuna yana cikin rajistar gidan kafin a nemi maido shi. Hoto da lamba a littafi su ne ke ƙarfafa wannan hujja.

Amma akwai gyara. Littafin 1993 da Faransanci aka rubuta shi, manomin da kayan suka fito daga gonarsa ba ya iya karanta shi. Ya kamata gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, da takwarorinsa na jihohi, su riƙa haɗa kowane nuni da ƙaramin littafi mai araha cikin Hausa, Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Wanda ya karanta darajar tukunyar kakanninsa ba ya sayar da ita ga baƙo a kan kuɗin goro.