Ɗalibin da ba shi da takardar zama ma yana jin yunwa

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan ɗalibai sama da dubu 400 da ke karatu a manyan makarantun Amurka ba tare da takardun zama ba. Da yawansu iyaye ne suka shigo da su ƙasar tun suna goye. A ganina, hukumar da ta yarda ta karantar da yaro ba ta da hujjar ƙyale shi cikin yunwa, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tun 1982, a shari'ar Plyler da Doe, Kotun Ƙolin Amurka ta hana jihohi rufe wa irin waɗannan yara ƙofar firamare da sakandare, kuma ba a tambayar yaro takarda kafin a zuba masa abincin rana a makaranta. Jihar Kalifoniya ta ƙara gaba: dokarta ta 2001 ta ba su damar biyan kuɗin jami'a daidai da 'yan jiha, ta 2011 kuma ta buɗe musu tallafin karatu na jiha. Amma da zarar ɗalibin ya shiga jami'a sai gatan abincin ya yanke. Tallafin abinci na tarayya, wato SNAP, wanda a Kalifoniya ake kira CalFresh, ba ya zuwa gare shi, kuma dokar 1996 da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu ta ƙara ɗaure wannan hani. Ko aikin yi ba ya samuwa gare shi cikin sauƙi. Shirin DACA da Barack Obama ya kawo a 2012 yana ba da izinin aiki, sai dai sharaɗinsa shi ne mutum ya kasance a ƙasar tun Yunin 2007, lokacin da yawancin masu shiga jami'a yanzu ke jarirai ko ba a ma haife su ba.

Masu adawa suna cewa kuɗin harajin 'yan ƙasa bai kamata ya tafi ga wanda ya karya doka ba. To, yaron da aka tsallako da shi iyaka yana shan nono wace doka ya karya? Batun haraji kuwa, cibiyar bincike ta ITEP ta ƙiyasta cewa marasa takardu sun biya dala biliyan 96.7 a 2022, cikin asusun da ake ciyar da wasu daga gare shi. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa 'yan ƙasa ma akwai masu kwana da yunwa a jami'a. Haka ne, amma ɗan ƙasa yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, wannan kuwa an toshe masa ita. Sannan taimakon da ya fi isa ga kowa shi ne wanda ba ya tambayar asali: ɗakin da aka jera shinkafa, taliya da gwangwanin wake, ɗalibi ya nuna katin makaranta ya ɗiba. Haka shirin Swipe Out Hunger, da ɗaliban jami'ar UCLA suka fara, inda mai rarar abinci a katinsa yake bar wa wanda nasa ya ƙare.

Sai dai sadaka takan yanke, yunwa kuwa kullum tana nan. Don haka ina kira ga jami'o'i da majalisun jihohin da suka karɓi waɗannan ɗalibai su ware musu kuɗin abinci a kasafinsu na shekara, su kuma tsare sunayen masu karɓa, domin tsoron jami'an shige da fice yana hana mabuƙaci miƙa hannu.

Naka,
Mai karatu