Luksor Na Nesa, Durɓi Na Kusa

Duk wanda Allah ya hore wa kuɗin jirgi ya je Masar, da wuya ya dawo ba tare da hoton Dalar Giza ko ginshiƙan Karnak ba. Ya bi layi, ya biya kuɗin shiga Kwarin Sarakuna a Luksor, ya sunkuya ya leƙa kabarin Tutankhamun, ya dawo gida yana ba da labari har makogwaro ya bushe. Ka tambaye shi Durɓi ta Kusheyi, sai ya yi zuru.

Abin takaicin ke nan. A gabas da birnin Katsina, a ƙasar Mani, kusheyin sarakunan farko na Katsina suke kwance. Palmer ya tona su a 1907, shekara 15 kafin Howard Carter ya gano Tutankhamun a 1922. Da aka sake haƙa a 1992, aka fito da zinariya, da hauren giwa, da wuri, da tasar ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya. Sai da aka kai su Jamus aka gyara, Jamusawa suka fara kallonsu a birnin Mainz, kana suka dawo gida a 2014. Baƙo ya riga mai gida sanin abin da ke cikin rumbunsa.

Za a ce ziyartar irin waɗannan wurare ɗaukaka jahiliyya ne. To, mu ne muka fi malaman Azhar sani? Ƙasar da ta haifi Suyuɗi, wanda ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, ita ce ke tsaron kabarin Fir'auna da 'yan sanda, tana cin abinci da shi, kuma ba a daina kiran salla a Luksor ba. Kallo daban, bauta daban. Wanda ya ce haramun ne a Mani amma halal a Giza, ba addini yake karewa ba, raini ne yake yi wa gida.

Hujjar rashin tsaro ita ce mai nauyi, mutanen Jibiya sun fi kowa saninta. Amma mantuwar ta girmi 'yan bindiga. Kuma Bakatsinen Maraɗi da ke tsallako iyaka ta Jibiya, jikan waɗanda suka bar birnin bayan jihadi, tarihinsa ne ke binne a can. Yakan sauke kayansa a kasuwa ya juya kafin magariba, babu wanda ya ce masa hanyar Mani ga ta nan.